Yaro a Tsakiya, Malami a Shirye: Koyo da Hannu a Firamaren Gwamnati ta Gadarif da Darasin Bakht al-Ruda

Tsakure

Wannan takarda ta dubi koyarwar da ke sa yaro a tsakiya, ya koya ta hanyar taɓawa da aunawa da gwadawa, a makarantun firamare na gwamnati a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan. Ta bi sawun gwajin da aka fara a Bakht al-Ruda a 1934, ta gwama shi da tsarin makarantun yarjejeniya na Amurka da na Laberiya. Hujjarta ita ce, irin wannan koyarwa ba ta tsayuwa sai an fara shirya malami, an ba shi jagorar darasi da aka gwada a aji na gaske, sannan an sakar wa makarantarsa mara a kan lokaci da harshe da kayan aiki.

Gabatarwa



A duk taron ilimi da aka yi a shekarun nan za ka ji ana cewa a sa yaro a tsakiyar darasi. Kalmar ta shiga takardun ma'aikatu da na ƙungiyoyin agaji, an kuma yi bitoci masu yawa a kanta. Amma wanda ya leƙa aji washegarin bita ya san abin da zai tarar: malami a gaban allo da alli a hannu, yana faɗa, yara suna amsawa da murya ɗaya. Michele Schweisfurth ta tattara bincike 72 da aka yi a kan wannan salo a ƙasashe masu tasowa, ta wallafa nazarinta a 2011, kuma abin da ya fi yawa a cikinsu labarin tuntuɓe ne. Ban ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa salon ba namu ba ne. Na ɗauke shi shaidar cewa ana aiko wa malami da umarni, ba a aiko masa da abin aiki.

Asalin tunanin sananne ne. John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896, Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta a Rum a 1907, Gandhi ya kawo tsarin koyo ta hanyar sana'a a Wardha a 1937, Julius Nyerere kuma ya fitar da manufar ilimin dogaro da kai a Tanzaniya a 1967. A Kano ma, makarantun da Ɗan Hausa ya kafa a Nasarawa daga 1909 sun haɗa da sashen koyon sana'a. Ba zan tsaya a kan waɗannan ba, domin Sudan tana da nata tarihin, kuma shi ya fi kusa da yaron Gadarif.

Ƙasar da yaron yake tsaye a kanta

Gadarif jiha ce ta baƙar laka, tana iyaka da Habasha ta wajen Gallabat da Fashaga. Da rani ƙasar takan tsattsage har mutum ya iya zura hannu, da damina kuma ta kumbura ta yi danƙo, mota ta kafe, ƙauye ya yanke daga gari. A nan ne aka fara noman inji na ruwan sama a Sudan, a yankin Gadambaliya, a tsakiyar shekarun 1940, kuma daga nan jihar ta zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar. Kasuwar amfanin gona ta birnin Gadarif tana cikin mafi girma a Sudan. Akwai ƙaro, akwai makiyayan raƙuma da tumaki a Butana ta arewa, akwai dubban 'yan ƙwadagon kaka waɗanda mutanen wurin ke kira jango. Tare da duk wannan albarka, ruwan sha tsohuwar matsala ce, ƙauyuka da yawa sun dogara ga hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama.

Hausawa kuwa sun daɗe a nan. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta fara kawo su, sannan hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ga kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Daga baya zuriyar waɗannan da waɗanda suka biyo su suka bazu zuwa bakin kogunan Rahad da Atbara da cikin birnin Gadarif, suna noma da su da fatauci. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi sukutum, wanda ya fito a 1999, a kan yadda Hausarsu ke cuɗanya da Larabci. 'Yan Sudan ne, jikokin 'yan Sudan, kuma makarantar gwamnati haƙƙinsu ce.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ƙara wa wannan ƙasa nauyi. Tun kafin yaƙin, yaran Sudan kusan miliyan 7 ba sa makaranta. A watan Oktoban 2023 UNICEF da Save the Children suka ce adadin ya kai wajen miliyan 19. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo Gadarif, azuzuwa suka zama ɗakunan kwana. Kafin su ma akwai 'yan gudun hijirar Tigray da aka sauke a sansanin Um Rakuba tun Nuwamban 2020. Sakamakon haka, malamin aji uku a yau yana iya samun ɗan shekara takwas da ɗan shekara goma sha biyu a benci ɗaya, wannan yana karatu, wancan ya mance baƙaƙe, wani kuma ya ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Darasi ɗaya da murya ɗaya ba zai isa ga dukansu ba. Shi ya sa nake ganin maganar sa yaro a tsakiya ta zama larura a Gadarif.

Abin da aka yi a Bakht al-Ruda

A 1934 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke horar da malaman firamare daga Khartum ta kai shi wani fili kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu. Aka gina ɗakunan ƙasa, aka naɗa V. L. Griffiths shugaba, ya riƙe wurin har 1950. Mataimakinsa Abdurrahman Ali Taha shi ne ya zama ɗan Sudan na farko da ya riƙe Ma'aikatar Ilimi a 1948. Wurin ba baƙo ba ne gare mu. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi karatu a can a tsakiyar shekarun 1950 tare da wasu 'yan Arewa, kamar yadda malaman Sudan suka koyar a Makarantar Shari'a ta Kano, wadda ita ma aka buɗe a 1934.

Abin lura shi ne yadda suka yi aiki. Ba su fara da rubuta manufa ba, da rubuta darasi suka fara. Malaman fanni su tsara darasi, a kai shi firamaren da ke jikin cibiyar, wani malami ya koyar da shi suna zaune a baya suna kallon yara. Inda yara suka yi tsuru-tsuru, a koma a gyara. A sake gwadawa. In ya zauna, a tura shi makarantun karkara ga malaman da ba su da wata ƙwarewa ta musamman, a ga ko zai tsira a hannunsu. Sai bayan haka ake buga shi a littafin jagorar malami, wanda ke faɗa masa abin da zai tanada, tambayar da zai yi, da aikin da yara za su yi da hannunsu. Daga nan a riƙa kiran tsofaffin malamai kwas na sabuntawa, malaman cibiyar kuma su zaga su ga abin da darasinsu ya zama a ƙauye. Aikin ya ci shekaru masu yawa kafin ya game manhajar shekara huɗu ta firamaren wancan zamani. An ƙara da ofishin ɗab'i wanda ya fara fitar da mujallar yara ta Al-Sibyan a 1946, don yaron da ya koyi karatu ya sami abin karantawa, aka kuma buɗe rassan cibiyar a Dilling da Shandi.

Mafi shahara cikin abin da suka samar shi ne darasin labarin ƙasa mai suna Subul Kasb al-Aish fis Sudan, wato hanyoyin neman abinci a Sudan, na farkon shekarun 1940. Malaman cibiyar sun tafi da ƙafarsu sassan ƙasar, suka zaɓi yara tara na gaske a wurare tara, suka zauna da iyalansu, suka rubuta abin da suke ci da irin ɗakin da suke kwana da sana'ar gidansu. A aji, sai darasin ya zama tafiya: yau za mu ziyarci abokinmu Siddiƙ a Gulid ta arewa, ƙasar dabino; gobe Mangu a Yambio ta kudu, ƙasar kurmi da rogo; jibi ƙauyen Reira a Butana, wajen masu raƙuma, a ƙofar Gadarif ke nan. Yaro ya san ta wace hanya za a bi, a jirgin ƙasa ko na ruwa ko a kan raƙumi, da dalilin da ya sa wannan ke da bukkar gashi wancan ke da ɗakin ciyawa. Dattawan Sudan da suka yi firamare a lokacin har yau suna kiran sunayen abokan nan kamar 'yan unguwarsu. Ban san wata shaidar nasarar darasi da ta fi a tuna shi bayan shekara sittin ba.

A 1975 Griffiths ya wallafa littafi a kan wannan aiki, ya sa masa suna Teacher-Centred, wato wanda ya sa malami a tsakiya. Mutumin da ya shafe ƙuruciyarsa yana neman yaro ya motsa a aji, shi ne ya zaɓi wannan suna. Abin da ya gano shi ne, malamin da karatunsa bai yi zurfi ba, ba ya da littattafai, yana zaune a ƙauye mai nisa, ba zai ƙirƙiri darasi mai rai kullum daga kansa ba, komai kyawun niyyarsa. In ka ce masa ya bar hadda ba ka ba shi madadi ba, ka ƙwace masa abu ɗaya da ya iya. Amma in ka miƙa masa darasin da aka gwada, ya koyar ya ga yara sun farka, zuciyarsa za ta yi ƙarfi, a hankali ya fara ƙara nasa. Wannan shi ne ginshiƙin takardata.

Dole a faɗi aibin gwajin. Turawa suna da tasu manufar: bayan tawayen 1924 da yajin ɗaliban Kwalejin Gordon na 1931, sun so ilimin da zai riƙe yaro a karkara, nesa da siyasar birni. Iyaye kuwa aikin ofis suke nema wa 'ya'yansu, don haka ɓangaren noma na shirin bai samu karɓuwa ba. Philip Foster ya nuna irin haka a Gana a 1965: makaranta ba ta iya tilasta wa yaro son gona muddin albashi yana ofis. Ga shi kuma yaran da suka shiga makaranta a lokacin 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu maza. Saboda haka abin ɗauka a Bakht al-Ruda shi ne hanyar gina darasi. Manufar tsare ɗan manomi a gona kuwa, a bar ta inda ta mutu.

Bayan haka tsanin karatu ya yi ta canzawa. Tsarin 4-4-4 ya koma 6-3-3 a 1970 a zamanin minista Muhyiddin Sabir, ya koma 8-3 a farkon shekarun 1990, ya sake komawa 6-3-3 a 2020. A shekarun 1990 ɗin aka mayar da horar da malamai jami'o'i, aka kuma ɗora nauyin makarantun firamare a kan jihohi da ƙananan hukumomi. Cibiyar manhaja ta ƙasa ta ci gaba da ɗaukar sunan Bakht al-Ruda, amma gardamar manhaja ta koma kan abin da za a sa a littafi, kamar rikicin da ya kai daraktanta Umar al-Garrai ga murabus a Janairun 2021. A ganina, cikin duk wannan kai-da-kawo abin da aka yi asara shi ne kujerar nan ta bayan aji, inda mai rubuta darasi ke zama ya kalli fuskar yaro.

Allo biyu

Akwai abu biyu a Gadarif da ke nuna cewa yaran wurin sun saba da koyo daidai ƙarfinsu. Na farko makarantar allo ce, wadda 'yan Sudan ke kira khalwa. Almajiri shi ke feƙe alƙalaminsa, shi ke haɗa tawada da baƙin tukunya da ƙaro, ya rubuta, ya biya, ya wanke. Yara talatin suna zaune wuri ɗaya, kowa da inda allonsa ya tsaya, babba yana biya wa ƙarami, ba wanda ake ja gaba don shekara ta ƙare. Ba na kare bulala, kuma ba na kare mari da sarƙa da binciken BBC na 2020 ya tona a wasu khalwowin Sudan. Amma tsarin kowa da allonsa hikima ce da firamare ta yar, ga shi yanzu tana bukatarta.

Na biyu sabo ne. A tsakiyar shekarun 2010 Ma'aikatar Ilimi ta Sudan da Jami'ar Mata ta Ahfad da ƙungiyar War Child ta Holan da cibiyar bincike ta TNO suka gwada koyar da lissafi ta wasa a kwamfutar hannu mai caji da hasken rana. An yi gwajin da yara kusan 600 waɗanda ba sa makaranta, a ƙauyukan jihohin Farin Nilu da Kordofan ta Arewa da Gadarif. An gina hotunan wasan a kan zanen da yara suka yi na ƙauyensu, kowane yaro yana tafiya daidai saurinsa, kuma rahoton masu binciken ya nuna lissafinsu ya ƙaru. Shirin ne daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashe da sunan Can't Wait to Learn. Abu ne mai kyau ga ƙauyen da babu malami. Sai dai taɓa gilashi daban, taɓa ƙasa daban, kuma na'ura takan lalace bayan mai tallafi ya tafi.

Yadda darasin zai kasance

Bari in kawo misali filla-filla, don kada maganar ta tsaya a sama. Manomin Gadarif da fadan yake auna gona, kuma fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. A aji huɗu akan rubuta wannan a allo, yara su haddace, su mance. To, malami ya zo da igiya mai tsawon mita 10 da turaku huɗu, ya fitar da yara fili. Rukuni ɗaya ya ja igiya sau 7 ta gabas, wani ya ja sau 6 ta kudu, a kafa turaku. Yara su tsaya a kusurwoyi su ɗaga hannu, sauran su zaga gefen suna ƙirga taku. Nan take za a yi gardama, domin takun dogo da na gajere ba su zo ɗaya ba, kuma daga wannan gardamar malami zai fitar da dalilin da ya sa mutane suka yarda da mita. Sai a koma aji a zana filin a takarda, a yanka shi gida-gida, a ga 7 sau 6 ya ba da gida 42, kowane gida murabba'in mita 100. Yaron da ya ja igiyar nan, in ya ji an ce wane yana da fadan 1,000, ya san abin da ake nufi. Gani ya kori ji.

Na biyu, kafin shuka. Kowane rukuni ya kawo tsabar dawa daga gida, ya ƙirga 100, ya jera a kan tsumman buhu mai laima, ya naɗe, ya ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa kullum. Bayan kwanaki a warware a ƙirga waɗanda suka tsira. In 83 suka fito, yaro ya riƙe kashi 83 cikin 100 a tafin hannunsa tun kafin a gaya masa sunan abin. Rukunin da nasu ya gaza su nemi dalili: tsohon iri ne, ko ƙwari sun ci, ko rumbu ya yi laima? Sakamakon ya koma gida a rubuce, kuma uban da ya ga ɗansa ya gwada masa iri kafin ya zuba shi a gona zai kalli makaranta da wani ido.

Haka sauran. Gwangwani biyu masu huji, ɗaya cike da baƙar laka, ɗaya da yashi, a zuba musu ruwa daidai, a ga wanne ya riƙe: ga bayanin hafir, ga bayanin dalilin da mota ke kafewa. Daga tsagewar lakar a shiga darasin lafiya, domin ƙaramin ƙudan da ke yaɗa cutar kala'azar, wadda ta addabi kudancin jihar, yana da alaƙa da irin wannan ƙasa da dazukan aduwa da ɗushe, sai a zo kan gidan sauro. Lokacin yankan riɗi, ana biyan ɗan ƙwadago a kan hilla, wato dami 400, kasuwa kuma tana saye da ƙinɗari mai nauyin kilo kusan 45, ga ninkawa da rabawa a ƙofar gida. Ƙuduji, wanda manoman wurin ke kira buda, a tono shi da saiwarsa a ga yadda ya manne wa dawa. Duk wannan bai fita daga manhajar ƙasa ba, kuma kuɗinsa bai kai na bita ɗaya a otal ba.

Wajibi ne a ja layi a nan. An sha ganin makarantu, a Sudan da Nijeriya da Tanzaniya, inda gonar makaranta ta zama gonar shugaban makaranta, yara suna noma a rana da sunan darasi. Yaran Gadarif da yawa dama suna aiki, suna ɗebo ruwa, suna kiwo, suna bin iyaye gona. Ba ƙarin aiki suke bukata ba. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne: kowane aikin hannu ya fara da tambaya, a auna wani abu a cikinsa, ya ƙare da rubutu a littafin yaro. In babu waɗannan, ƙwadago ne, a hana. Kuma igiyar awo a miƙa ta ga yarinya kamar yadda aka miƙa wa yaro, kada a bar mata shara da ɗebo ruwan gwaji.

Harshen da yaro ya zo da shi

Larabci ne harshen koyarwa, kuma babu uban kirki a Gadarif da ba ya son ɗansa ya ƙware a cikinsa, domin da shi ake jarrabawa da kasuwa da addini. Amma yaron da ya tashi a ƙauyen Hausawa a bakin Rahad, ko a gidan Masalit ko na Bani Amir, yakan shiga aji ɗaya da Larabci kaɗan. Ba za a ce ya faɗi abin da ya gani a gwangwani ba alhali an rufe masa bakin da yake iya faɗa da shi. Kundin tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya amince cewa dukan harsunan asali na Sudan harsunan ƙasa ne. Nijar ta gwada koyarwa da Hausa a makarantar gwaji a Damagaram tun 1973, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin shekara shida da Yarabanci a Ife daga 1970. Abin da nake nema ƙarami ne: a shekara biyun farko, a bar yara su tattauna a rukuninsu da harshen gida, su kawo sakamako da Larabci, a kuma tura malamin da ke jin harshen garin ajin farko.

'Yancin makaranta da iyakarsa

A Amurka, jihar Minnesota ta yi dokar makarantun yarjejeniya ta farko a 1991, ta farkonsu ta buɗe a St. Paul a 1992. Makarantu ne na gwamnati, kyauta, amma wata ƙungiya ke tafiyar da su bisa rubutacciyar yarjejeniya: an ba ku 'yancin tsara koyarwa, in ba ku cika alkawari ba a rufe. Da yawansu sun zaɓi salon Montessori ko na koyo ta aiki. Sakamakonsu ya bambanta ƙwarai. Binciken cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford na 2009 ya sami kashi 17 cikin 100 sun fi makarantun da ke kusa da su a lissafi, kashi 37 sun gaza su, saura babu bambanci, ko da yake bincikenta na 2023 ya nuna sun inganta. Laberiya ta gwada irin wannan tsari a 2016, ta miƙa makarantu 93 ga ƙungiyoyi 8. Karatu ya ɗan ƙaru, amma da tsada, kuma an sami inda aka rage cunkoson aji ta hanyar sallamar yara. A jihar da ke cike da 'yan gudun hijira, wannan haɗari ne da ba za a ɗauka ba.

Sudan ba ta da irin waɗannan makarantu, kuma ba na kira a miƙa firamaren Gadarif ga kamfani. Tana da abin da ya fi dacewa da ita, wato al'adar jama'a su gina makaranta da guminsu, tun daga makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, da makarantun ahaliyya da suka biyo baya, har zuwa majalisun iyaye na yau waɗanda ke sayen alli, su gyara rufi, su ciyar da baƙon malami. Iyayen nan suna ɗauke da nauyi, amma ba su da ta cewa. Abin da za a aro daga tsarin yarjejeniya shi ne takardar kanta: ma'aikatar ilimi ta jiha da ƙaramar hukuma da majalisar iyaye su sa hannu a kan abin da kowa zai yi.

A cikin wannan takarda, makaranta ta sami ikon gyara jadawalinta. Riɗi ba ya jira, in ya nuna aka yi jinkirin kwanaki kaɗan sai kwanson ya fashe ya zube, don haka a watan Oktoba gida kan kwashe kowa zuwa gona, kuma ƙauyen da laka ta yanke a watan Agusta ba ya buɗe aji don an rubuta a Khartum ko Port Sudan. Gara a amince da hutun da dama ana yinsa, a rama kwanakin da rani. Ta sami ikon raba yara bisa matakin karatunsu na sa'a ɗaya ko biyu a yini, ba bisa shekaru ba, da ikon amfani da harshen gida a farkon shiga, da ɗan kuɗin kayan aiki a hannun majalisar iyaye wanda za a karanta lissafinsa a bainar jama'a. A madadin haka ta yi alkawari ba za ta kori yaro don cunkoso ko rashin kuɗi ko rashin takarda ba, kuma a ƙarshen kowane zango wani daga waje zai zo ya zaunar da yaran aji uku ɗaya bayan ɗaya, ya ji ko suna karanta gajeren labari suna kuma yin ragi.

Alkawarin gwamnati shi ne mafi nauyi. Malaman Sudan sun yi watanni ba albashi tun da yaƙi ya fara, kuma ba a neman wanda bai karya kumallo ba ya ja igiya a rana da fara'a. Bayan albashi sai jagora. Tsangayar ilimi ta Jami'ar Gadarif tana iya ɗaukar firamare uku ko huɗu, ɗaya a birni, ɗaya a ƙauyen bakin Rahad, ɗaya a Butana, ɗaya kusa da sansanin 'yan gudun hijira, ta mai da su wurin gwajin darasi. Malaman jami'a da gogaggun malaman firamare su rubuta darussa ashirin na lissafi da kimiyyar aji uku da huɗu, su zauna a bayan aji, su gyara, su sake gwadawa, kafin a buga ko shafi ɗaya a raba wa sauran makarantun jihar.